Yadda ake gyara hoto da Photoshop don kalandar biki, tun daga karɓar hoto har zuwa maɗaba'a

Yawancin masu sha'awar koyon zane da kwamfuta sukan fara ne da buɗe manhaja suna taɓa wannan suna taɓa wancan, su shafe makonni a haka ba tare da sun fitar da aiki ko ɗaya da za a iya miƙa wa mai shi ba. Hanyar da na ga ta fi kai mai koyo gaci ita ce ya ɗauki aiki guda na gaske ya bi shi daga farko har ƙarshe, domin dabara ba ta zama a kai sai buƙatarta ta taso. Aikin da za mu bi a nan shi ne kalandar biki mai girman A3, irin wadda ake rabawa a wurin kamu ko walima, ɗauke da hoton ango da amarya. Na zaɓe ta ne saboda ta tara kusan duk wahalhalun sana'ar: ga farar shadda mai ƙyalli, ga mayafi mai shara-shara, ga baƙar fata da ke buƙatar kulawa, ga rubutun Hausa, sannan a ƙarshe dole a buga ta a takarda, inda kuskure ba ya ɓuya.

Zan yi bayanin ne da Photoshop na kamfanin Adobe, manhajar da 'yan'uwa biyu, Thomas Knoll da John Knoll, suka ƙirƙira, wadda ta fara fita kasuwa a 1990. Tun daga 2013 kamfanin ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata, don haka wanda aljihunsa bai kai ba yana iya amfani da GIMP, wadda kyauta ce, ko Photopea, wadda ake buɗewa kai tsaye a intanet kuma kamanninta da madannanta sun yi kusa da na Photoshop ƙwarai. Sunayen wasu kayan aikin sukan bambanta, amma tsarin aikin ɗaya ne.

Mataki na farko: karɓar hoto da auna shi

Tun kafin ka buɗe manhaja ake cin nasara ko a faɗi. Hoto tarin ƙananan ɗigo ne masu launi da ake kira fiksel, kuma yawansu ne ke nuna iya girman da za a buga shi ba tare da ya dushe ba. Ƙa'idar maɗaba'a ga abin da za a kalla daga kusa ita ce fiksel 300 a kowane inci, shi kuwa inci ɗaya santimita 2.54 ne. Takardar A3 tana da faɗin milimita 297 da tsawon 420, wato fiksel 3508 a faɗi da 4961 a tsawo. Wayar da kyamararta ke da megafiksel 12 tana ba da hoto mai kimanin fiksel 4000 da 3000, wanda zai cika santimita 34 da 25 lafiya lau, kuma wannan ya isa kalanda tunda hoton ba zai mamaye dukkan takardar ba.

Matsalar ita ce da wuya hoton ya iso hannunka da girmansa na asali. Iyalan biki sukan turo shi ta WhatsApp, ita kuwa tana matse hoto, sau da yawa har tsawonsa ya koma fiksel 1600 ko ƙasa da haka, wanda bai wuce santimita 13 da rabi a takarda ba. Saboda haka ka roƙi mai aikin ya karɓo hoton daga wurin mai hoto a filashi, ko kuma ya turo shi ta zaɓin da ake tura takardu, mai suna Document, domin ta nan ba a rage masa komai. Idan ya iso, ka buɗe shi, ka shiga Image sannan Image Size ka karanta adadin fiksel ɗinsa da idonka. Idan ƙarami ne, gara ka faɗa wa mai shi gaskiya tun yanzu, domin ƙara lambar a cikin wannan akwati ba ta dawo da abin da ya riga ya zube. Manhajar za ta yi cikon ƙarya ne kawai, fuska ta fito kamar an shafe ta da man shanu.

Mataki na biyu: shimfiɗa filin aiki

Ka danna Ctrl da N ka buɗe sabon fayil. Kada ka sa 297 da 420 daidai, ka sa milimita 303 da 426, wato ka ƙara milimita 3 a kowane gefe. Dalili shi ne injin yankan takarda ba ya sauka a kan layi daidai a kowane lokaci, kuma idan launin bango bai zarce wurin yankan ba, farin zare zai fito a bakin kalandar. Ka sa 300 a gurbin Resolution, ka tabbata ma'aunin na inci ne, ka bar launi a RGB tukuna. Za mu zo kan zancen launin bugu a gaba. Daga nan ka danna Ctrl da R domin rula ta bayyana, ka jawo layukan jagora ka ajiye su a milimita 3 daga kowane gefe, sannan ka ƙara wasu a milimita 8. Duk wani rubutu ko fuska dole su zauna a cikin layin na biyu.

Ka adana fayil ɗin nan take a tsarin PSD, wato tsarin fayil na Photoshop kanta, ka ba shi suna mai ma'ana, kuma ka saba wa yatsunka da Ctrl da S bayan kowane ɗan aiki. Wanda aka taɓa ɗauke wa wuta yana tsakiyar yankan mayafi, ga batirin kwamfuta ya mutu, ba ya buƙatar a maimaita masa wannan nasiha.

Mataki na uku: fahimtar leya

Leya ita ce ginshiƙin sana'ar gaba ɗaya, kuma Photoshop ta samu ta ne a fitowa ta uku a 1994. Ka ɗauka kana da faifan gilashi da yawa da aka jera ɗaya kan ɗaya, an zana bango a na ƙasa, ango da amarya a na tsakiya, rubutu a na sama. Kana iya matsar da kowane faifai ko ka cire shi ba tare da ka taɓa sauran ba. Ƙa'idar da nake so mai koyo ya riƙe da hannu biyu ita ce kada ya taɓa yin gyara a jikin hoton asali, ya yi kowane gyara a leyarsa ta daban, yadda idan uwar amarya ta zo gobe ta ce a mayar da launin bango kore, aikin minti ɗaya ne.

Ka shigo da hoton ta File sannan Place Embedded. Ta wannan hanya zai shigo a matsayin abin da manhajar ke kira Smart Object, ma'ana kana iya rage shi ka sake ƙara shi sau goma ingancinsa bai ragu ba. Ka danna Ctrl da T ka daidaita girmansa daga kusurwa, kada ka ja daga gefe, domin jan gefe ne ke haifar da fuskokin nan masu faɗi kamar faranti da muke gani a fastocin 'yan siyasa. A tsofaffin fitowar manhajar sai an riƙe Shift kafin hoto ya kiyaye siffarsa, a sababbi kuwa yana kiyayewa da kansa. Ka ba kowace leya suna tun tana sabuwa, domin idan sun kai ashirin duk suna ɗauke da lamba, neman guda ɗaya a cikinsu ya zama neman allura a rairayi.

Mataki na huɗu: gyaran haske da launi

A nan ya kamata a fi daɗewa. A ƙasan akwatin leyoyi akwai wata alama mai kama da da'ira rabi baƙi rabi fari. Ita ce ke ƙirƙirar leyar gyara. Ka danna ta ka zaɓi Levels. Za ka ga wani zane mai kama da tudu, wanda ke nuna yadda haske ya rabu a hoton, daga 0 a hagu, wato baƙi ƙirin, zuwa 255 a dama, wato fari fat. Idan tudun bai kai gefen hagu ko na dama ba, hoton zai yi kama da wanda aka ɗauka cikin hazon hunturu. Ka jawo ƙaramin kibiyar hagu zuwa inda tudun ya fara, ka jawo ta dama zuwa inda ya ƙare. Idan ka riƙe Alt kana ja, allon zai nuna maka wuraren da suka fara ƙonewa, kuma da zarar ka ga jikin babbar rigar ango ya fara bayyana a ciki, sai ka ja da baya. Farar shadda tana da zanen saƙa a jikinta, ga kuma aikin ɗinki a ƙirji da aljihu, kuma duk wurin da ya kai 255 babu tawadar da za ta sauka a kansa, sai farar takarda tsirara. Ango ya kashe kuɗi a kan wannan aikin, zai kuma neme shi a hoton.

Wahalar hoton biki ita ce kyamara takan auna haskenta da farin kaya, sai fuskoki su nutse cikin duhu. Maganinsa shi ne a haska fuskar kaɗai. Ka ƙirƙiri leyar Curves, ka danna tsakiyar layin ka ɗaga shi sama kaɗan har fuskar ta fito, kada ka damu da rigar da ta ƙone. Kowace leyar gyara tana zuwa da wani farin akwati a gefenta mai suna Layer Mask, wanda zan kira marufi. Dokarsa guda ce: fari yana nuna gyaran, baƙi yana ɓoye shi. Ka danna marufin, ka danna Ctrl da I ya koma baƙi, gyaran ya ɓace baki ɗaya. Sannan ka danna B ka ɗauki buroshi mai laushin baki, ka zaɓi farin launi, ka rage ƙarfinsa zuwa kashi 20 ko 30 cikin ɗari, ka riƙa shafa fuska, wuya da hannuwa a hankali. Idan ka zarce, ka danna X launin ya juya baƙi ka goge. Kada ka manta da hannuwa, domin fuska mai haske a kan baƙaƙen hannuwa ita ce ke fara tona asirin ɗan koyo, balle ga amarya da aka yi wa lalle.

Akwai bambanci tsakanin haska fuska da sauya wa mutum launin fata, kuma a ganina na biyun ɓata aiki ne. Na sha ganin kalandar da dangi ke juya ta suna tambayar ko wannan ɗiyarsu ce. Ma'aunin da nake bi shi ne in ga ƙwayar ido, girar ido da inuwar gefen hanci sun fito sarai, da zarar sun fito sai in tsaya. Idan hoton ya rine da ruwan ɗorawa saboda fitilun ɗakin taro, ka buɗe wata leyar Curves, ka ɗauki tsinken tsakiya daga cikin ukun da ke gefe, ka danna shi a kan wani abu da ka san ba shi da launi a zahiri, kamar inuwar da ke cikin ninkin farar riga. Sau da yawa dannawa ɗaya ke wanke hoton.

Ƙuraje da ɗigon gumi aikinsu kaɗan ne: ka buɗe sabuwar leya fanko, ka danna J ka ɗauki Spot Healing Brush, ka sa alama a Sample All Layers, ka riƙa ɗiga shi a kan abin da zai warke da kansa cikin mako guda. Tsagar gado, tawadar Allah da wushirya ba naka ba ne, ka bar su.

Mataki na biyar: raba mutum da bango

Sababbin fitowar Photoshop suna da umarnin Select Subject, wanda ke zagaye mutum da kansa cikin daƙiƙu, kuma yana da kyau a fara da shi. Amma ba ya rasa kuskure, musamman a gefen hula, tsakanin hannu da riga, da wurin da launin kaya ya yi kama da na labule. Bayan ya zagaye, kada ka danna Delete ka share bango. Ka danna alamar marufi a ƙasan akwatin leyoyi, bangon zai ɓoye amma yana nan, ko da an ci kunnen ango ana iya dawo da shi da farin buroshi.

Gefuna masu kaifi, kamar kafaɗar riga da bakin hula, sun fi fita da alƙalamin manhajar, wanda ake ɗauka da harafin P. Lanƙwasar da yake zanawa tana ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da ita wajen zana jikin mota. Ka ƙara girman hoton zuwa kashi 200 cikin ɗari, ka danna a bakin rigar, ka matsa gaba ka danna ka ja domin layin ya lanƙwasa ya bi kafaɗa. Sirrin shi ne ƙarancin ɗigo: lanƙwasa ɗaya ɗigo biyu take buƙata, ba goma ba. Ka bi ta ɗan cikin rigar da fiksel ɗaya ko biyu domin kada tsohon bango ya biyo ka. Idan ka rufe zagayen, ka danna Ctrl da Enter, ka tausasa bakin da Feather na rabin fiksel zuwa ɗaya. Makon farko alƙalamin nan zai ba ka haushi, babu makawa, amma wanda ya iya shi ya samu rabin manhajojin zane na CorelDRAW da Illustrator a kyauta, domin da irinsa ake zana tambari a cikinsu.

Mayafin amarya shi ne jarrabawa ta gaske, tunda ana hango bango ta cikinsa. Ka danna marufin sau biyu ka shiga Select and Mask, ka ɗauki Refine Edge Brush ka bi gefen mayafin da duk inda zare ko gashi ya fito. Idan tsohon bangon ja ne, za ka tarar jan ya maƙale a cikin mayafin. Zaɓin Decontaminate Colors yana rage shi. Dabarar da ta fi sauƙi kuwa ita ce ka zaɓi sabon bango mai duhu ko haske kusa da na tsohon, domin mayafin da aka ɗauka a gaban baƙin labule ba zai taɓa zama daidai a kan farin bango ba. Kafin ka wuce, ka sa leya mai launin kore shar a ƙarƙashin hoton na ɗan lokaci, duk wani datti da ya rage a gefuna zai bayyana.

Mataki na shida: bango da rubutu

Bango ya kasance mai sauƙi, launi ɗaya ko biyu da aka ɗebo daga kayan amarya da tsinken launi, wanda ake ɗauka da harafin I. Ka lura da ɓangaren da haske ya bugi fuskokinsu, ka sa wannan ɓangaren bangon ya fi haske. Idan hoton na tsaye ne har ƙafa, ka zana 'yar inuwa mai laushi a ƙarƙashin takalma a wata leya daban, in ba haka ba za su yi kamar suna shawagi a iska.

Salon harafi biyu sun isa: ɗaya mai ado domin sunayen ma'aurata, ɗaya miƙaƙƙe domin kwanan wata da addu'a. Amma kafin ka ƙaunaci kowane salo, ka gwada shi da haruffan ɓ, ɗ da ƙ, manya da ƙanana, har da ƴ idan aikin na mutanen Nijar ne, tunda da ita suke rubuta abin da ake rubutawa da 'y a Najeriya. Yawancin salon ado da ake saukewa daga intanet ba su da waɗannan haruffa. Na taɓa kai aiki wata maɗaba'a rubutun yana nan da ransa ban daskarar da shi ba, wato ban mayar da shi hoto ko siffa ba, kwamfutarsu ba ta da salon da na yi amfani da shi, aka buga kwafin duka da ɗan akwati a farkon kalmar ɗaurin aure. Ni na biya kuɗin takardar sake bugu. Noto Sans, Charis SIL da Andika duk suna da haruffanmu cikakku, kuma kyauta ne. Idan dole sai salon ado, ka rubuta d ko k, ka mayar da rubutun siffa ta Convert to Shape, ka zana lanƙwasar da alƙalami.

Jadawalin watanni da ƙananan lambobinsa ya fi fita tsaf idan an jera shi a CorelDRAW, wadda galibin maɗaba'unmu ke aiki da ita, amma ana iya yin sa a nan muddin ba a sauka ƙasa da fiksel 300 a kowane inci ba. Ka sa wani ya karanta maka sunaye da ranaku da babbar murya kana bi da ido, domin idon da ya rubuta ba ya ganin kuskurensa.

Mataki na bakwai: launin bugu da fitar da aiki

Allon kwamfuta yana haɗa launi da haske uku, ja, kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin bugu kuwa yana haɗawa da tawada huɗu da ake kira CMYK, kuma tawada ba ta iya kai wa ƙyallin haske. Ka danna Ctrl da Y ka ga kwatankwacin yadda aikin zai fito a takarda. Shuɗi mai ƙyalli, kore shar da shunayya su ne suka fi mutuwa, shuɗin ma yakan karkata zuwa shunayya. Idan ankon bikin irin wannan launi ne, ka nuna wa mai aikin tun a allo domin kada ya ce an sauya masa. Ka tambayi maɗaba'ar ko RGB suke so ko CMYK, domin masu injin dijital da yawa sun fi son su juya da kansu. Idan CMYK ne, ka yi juyin a kan kwafi ta Edit sannan Convert to Profile, ka kuma sa ƙananan baƙaƙen rubutu su zama baƙar tawada zalla, K a 100 sauran ukun a sifili, domin idan tawada huɗu suka haɗu a kan siririn harafi, ɗan gocewar inji zai sa ya fito da inuwa.

Kaifafa hoto shi ne gyara na ƙarshe. Ka zaɓi leyar ma'auratan, ka danna Ctrl da 1 domin ka gan ta a ainihin girmanta, ka shiga Filter, Sharpen, sannan Unsharp Mask. Ka fara da Amount 100, Radius 1 da Threshold 3, idan ka ga farin zare ya fara zagaye hula ko gira, ka rage.

Fayil uku za ka fitar. Na PSD mai dukkan leyoyinsa naka ne, ka ajiye shi a wuri biyu. Na maɗaba'a ya zama PDF, ko kuma TIFF da aka haɗe leyoyinsa wuri ɗaya yadda rubutun ba zai dogara da salon harafin da ke kwamfutarsu ba. Na uku ƙaramin JPEG ne a launin sRGB, mai faɗin fiksel 1080, domin dangi su ɗora a waya. Idan ka isa maɗaba'a, ka biya kuɗin kwafi ɗaya tak a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, ka fito da shi waje ka duba fuskokin da aikin rigar a hasken rana, ka ɗauki hotonsa ka tura wa mai biki, sai ya amsa da cewa ya yi sannan ka ce a saki inji.